Ranar da Inna ta bi kukan akuya a kan dutsen Bergen

Laraba: daga Lyon zuwa Paris

Ƙarfe biyar saura kwata, muna idar da sallar asuba, na kulle ƙofar gidana a Saint-Fons, gefen Lyon. Mu biyu ne, ni da mahaifiyata, Hajiya Mariya, wadda muke kira Inna. Wata uku ke nan da zuwanta daga Damagaram don aikin ido. Shekara huɗu yanar ido ta rufe mata gani, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Da likita ya ce idanu sun warke, na ƙudura kafin bizarta ta ƙare sai ta ga wani abu ban da ɗakina da asibiti. Ƙungiyar ma'aikatan masana'antar da nake aiki tana sayar da tikitin yawon jirgin ruwa da rangwame, sai na karɓi biyu: mako guda, daga Amsterdam zuwa gaɓar Norway.

Taksi ya sauke mu a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu. Jirgin ƙasa ya tashi shida da ƴan mintuna, ƙarfe takwas muna Paris. Muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauya a tashar Châtelet, muka fito unguwar Château Rouge, inda ƙanen Inna, Kawu Alhaji Mamman, yake da shagon shadda da atamfa. Bayan doguwar gaisuwa ya dube ta yana dariya.

"Yaya, ke da ko bakin tafki ba kya zuwa, yau teku za ki?"

"Mamman, da rashin gani ne ya sa ni tsoro," in ji Inna. "Yanzu ina gani."

Ya juyo wajena, dariyar ta ɗauke. "Bon. Auta, amana ce. Kada ki saki hannunta."

A gidansa muka kwana. Matarsa ta cika mana jaka da kilishi, dambun nama da kwalbar yaji.

Alhamis da Juma'a: kan ruwa

Mun bar tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord takwas da rabi, kafin sha biyu muna Amsterdam. A tashar jiragen ruwa ma'aikaciyar ta daɗe tana juya fasfon Inna, sannan ta miƙo mana kati biyu masu hotonmu. Katin shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma shaidar fita da komowa. Da Inna ta ɗaga kai ta ga jirgin, sai ta ce, "Wannan ai unguwa ce aka ɗora a kan ruwa."

Ɗakinmu yana hawa na takwas, da taga mai kallon teku. Kifi, shinkafa da ganye muka riƙa ci, muna barbaɗa yajinmu. Ranar Juma'a ba mu ga ƙasa ba sam. Ni da na yi ta fargabar jiri zai kama tsohuwa, ni ce na wuni kwance ina amai, ita kuwa tana bakin taga tana kallon tsuntsaye, tana ba ni labarin launin fukafukansu.

Asabar: Bergen

Ƙarfe takwas na safe jirgi ya tsaya. A bakin ƙofar fita an kafa allo: kowa ya komo kafin huɗu da rabi na yamma, jirgi ba ya jiran kowa. Na sa katin Inna da fasfonta a jakata. Wayarta muka bari a ɗaki, tunda layinta ba ya aiki a can.

Tafiyar minti ashirin a ƙafa ta kai mu tsohuwar unguwar ƴan kasuwa da ake kira Bryggen. Gidajen katako ne jere a bakin ruwa, ja, fari, ruwan ɗorawa, wasu sun karkace sun jingina da juna. Lungunansu sai warin kwalta da busasshen kifi. Inna ta tsaya tana shafa wani bango, ta ce itacen nan ya girme ta nesa ba kusa ba. A kasuwar kifi muka sha miya mai zafi, kwano ɗaya kusan yuro goma sha biyar. Da na ce mata jika goma ke nan a kuɗinmu na sefa, ta ajiye cokali, ta yi salati, sannan ta ɗauka ta shanye har da suɗe kwano.

Biyu saura minti ashirin muka shiga wani ƙaramin jirgin ƙasa da igiyar ƙarfe ke ja zuwa kan dutsen Fløyen. Minti shida muka iso sama. Daga can gari duka yana ƙarƙashin ƙafarmu: tsibirai, rufin gidaje, da jirginmu ya koma kamar akwatin ashana. Inna ce ta riga ni hango shi.

Wajen biyu da rabi na zaunar da ita a kan benci ƙarƙashin rumfa, na ce zan zaga bayi in sayo mana shayi. Layi ya yi tsawo. Da na fito da kofi biyu a hannu, hazo ya sauko da yayyafi, taku goma ba a ganin mutum. Bencin kuwa ba kowa.

Na zagaya rumfar sau uku. Na leƙa bayi, na leƙa wurin cin abinci, ina kiran "Inna! Inna!" Turawa suna juyowa suna kallona. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Ingilishi, ba waya, ba takarda ko ɗaya a jikinta. A bayan wurin kuma hanyoyi ne barkatai da suka shige daji, wata har ta nufi tafki. Ƙarfe uku ta yi. Na fito da waya zan kira Kawu, na kasa danna lambar. In ce masa me?

Na shiga shagon tsaraba na sami wata mata mai gajeren gashi, na yi mata bayani da ɗan Ingilishin da nake ji: tsohuwa baƙa, mayafi shuɗi, rigar ruwa ruwan ɗorawa. Nan take ta kira tashar jirgin da ke gindin dutsen, aka ce ba su ga mai kama da ita ba. Ta aiki abokin aikinta hanyar tafki, ya je ya komo hannu rabbana. Uku da rabi. Na zauna a ƙasa. Sai matar ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin duba wajen awaki?"

"Awaki?"

Ashe ana kiwon awaki a kan dutsen, ƴar gangara kaɗan daga inda muke. Na kwasa da gudu, takalmina yana zamewa a kan jiƙaƙƙen tsakuwa.

Huɗu saura minti ashirin na gan ta. Tana zaune a kan wani dutse, ruwa yana ɗiga daga mayafinta. Wani dattijo mai farin gemu, makiyayin wurin, ya rungume wata farar akuya, ƙafarta ta gaba tana kan cinyar Inna. Ita kuwa ta sunkuya da fil ɗin mayafinta tana tono wani abu tsakanin kofato.

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. "Inna! Me ya sa za ki yi mini haka? Ban ce ki jira ni ba?"

Ba ta ɗago ba sai da ta zaro wani siririn tsinken wayar ƙarfe, ta nuna wa dattijon. Sannan ta ce, "Kukanta na ji. Kukan akuya mai ciwo daban yake."

Na fashe da kuka. Ta miƙe, ta share mini fuska da gefen mayafi.

"Auta, ki yi haƙuri, na tayar miki da hankali. Amma shekara huɗu ko bayan gida zan je sai an riƙe mini hannu. Yau na ga hanya da idona, shi ne na bi."

Dattijon ya ce mini kwana biyu akuyar tana ɗingishi, ya duba bai ga komai ba. Da na gaya masa jirginmu zai rufe ƙofa huɗu da rabi, ya saki akuya, ya sa mu gaba har tashar sauka. Layi ya yi tsawo, amma ya yi wa mutane magana da yarensu, suka dare suka ba mu hanya, wasu suna yi wa Inna murmushi. Huɗu da minti biyar muna ƙasa. Na tare taksi, na nuna wa direba katin jirgi.

"Minti nawa?" na tambaye shi.

"Goma, in fitilun hanya sun so."

Huɗu da minti ashirin da ɗaya ma'aikacin bakin ƙofa ya ɗora katinmu a na'ura, ta yi ƙara sau biyu. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. A ɗaki muka haɗa azahar da la'asar, na daɗe a sujada. Da na sallame, Inna tana bakin taga tana cin kilishi, tana kallon dutsen yana nisa.

Lahadi zuwa Juma'a: komawa gida

Mun tsaya a Stavanger da wasu ƙananan garuruwa biyu da ke cikin lungunan teku tsakanin duwatsu. Tun daga Lahadi na rataya mata katinta a wuya, na rubuta sunan jirgi da lambar wayata na sa mata a aljihu. Na daina riƙe mata hannu. Tana gaba, ina baya da taku biyu, idona a kan shuɗin mayafi.

Alhamis da safe muka sauka Amsterdam, muka kwana Paris, Juma'a ƙarfe uku da kwata na buɗe ƙofar gidana a Saint-Fons. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya komo da mu cikakku. Ina gode wa Kawu da iyalinsa, da matar shagon tsaraba, da makiyayin nan da ban ko tambayi sunansa ba. Allah ya saka musu da alheri.

Ina cikin kwance kaya na ji Inna a falo tana waya da yayata Hauwa a Damagaram.

"Lafiya lau muka dawo, ba abin da ya faru," in ji ta. "Sai dai Auta da ta ɓata sau ɗaya a kan dutse. Amma alhamdu lillahi, an same ta."