Ƙwaryar da Ba Ta Ga Nono Ba

Duk shekara bayan kaka, wani tsoho mai zanen ƙwarya yakan sauko daga Damagaram a kan jakinsa, ya bi rugage da ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar, har ya dangana da Gagarawa kafin ya juya. Rugarmu tana kan hanyarsa. A lokacin ina da goyon fari, ga tsiwa, ga son ado, kuma duk matan rugar sun san ba mai ƙwaryar tallar nono kamar tawa.

Tsohon nan ba ya sayarwa. Wadda ta kuskura ta ce masa "nawa?" ta gama samun ƙwarya a hannunsa. Yadda ake yi, sai ya miƙo miki sabuwa, ya ajiye tasa tsohuwa mai ɗinkin gyartai a bakin bukka, ya tafi gindin aduwa ya ba da baya. Ke kuma ki zuba abin da Allah ya hore, gero ko man shanu ko fura, ki rufe da faifai. Ba ya buɗewa sai ya yi nisa. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, wata rana tsakuwa zan zuba maka." Ya ce, "To 'yata, sai in wasa wuƙata da ita."

Sai aka yi babban farin nan na farkon shekarun saba'in. Shanu suka yi ta faɗuwa har muka daina fiɗe su. Mijina ya kora 'yan ragowar ya yi kudu, ya bar mu da tsofaffi muna cin tafasa da dusa. Abin da ya rage na hatsi shi ne zangarniyoyin iri da ya zaɓa ya rataye a saman bukka. Ya ce ko me ya faru kada a taɓa su, su ne shukarmu ta baɗi.

Ban zaci tsohon zai zo a wannan shekara ba, sai ga shi a ƙafa, riga tana yawo a jikinsa. Na ce, "Baba, ina jakin?" Ya ce, "Ya huta." Ya kwance ƙunshinsa ya miƙo mini ƙwarya. Da wuƙa mai zafi ya zana jar saniyata mai karkataccen ƙaho, wadda ya gani bara, bai san ungulu sun daɗe da gamawa da ita ba. Kafin in ce komai ya ajiye tsohuwar ƙwaryarsa, ya tafi gindin aduwa ya ba da baya.

Wallahi na ji haushinsa. Ya ga garken wayam, ya ga idon ɗana, amma ya yi kamar kowace shekara. Sai dai ƙin karɓa daidai yake da ce masa kada ya sake tako ƙofarmu, kuma duk wanda ya dube shi ya san ya kwana biyu bai ci ba. Na sauke irin, na raba biyu, na cusa rabi a ƙwaryarsa. Zangarniyoyin dogaye ne, faifai ya ƙi zama.

Da ya zo ɗauka bai buɗe ba, hannu kawai ya ɗora a kan faifan. Ya ce, "'Yata, kawo sabuwar nan, akwai zanen da ban ƙarasa ba. Samo mini garwashi." Ran nan ba wadda ta hura wuta kusa da mu, sai da na je ƙarshen ruga. Ina dawowa na hango shi can ya kama hanyar Maigatari. Na kira shi, ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. Sabuwar ƙwaryar tana bakin bukka, zangarniyoyin duka suna ciki.

Bai sake zuwa ba. Na yi ta tambayarsa a kasuwar Maigatari. Wani ya ce ya ga an ɗauke shi a kamyo, babbar motar kaya, wani ya ce bai kai kan iyaka ba. Ba wanda ya gaje shi, mata ma sun koma kwanon samira.

Mijina ya dawo da sanda kawai. Da ruwan farko muka shuka irin nan duka, har da rabin da tsohon ya bar mana. Ya tsiro gwanin sha'awa, ya kai idon sawu, sai sama ta ɗauke. Muna kallo ya bushe. Abin da ke cina har yau ke nan: da tsohon ya tafi da geron nan da ya yi kunu ya sha, ko ba komai ya kai gida.

Daga baya muka koma Gumel, na shiga yi wa gidajen mutane surfe da daka. Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakina, ta tsage ta gefen ƙahon, ban ba kowa gyara ba. Jikokina suna ce mata ƙwaryar nonon kaka. Ko sau ɗaya ba a taɓa tatsa a cikinta ba.