Kwanson da Halidu Ya Ƙi Saya

Halidu maƙerin fari ne, ɗan asalin Damagaram, amma a Zongon Yamai ya yi furfura. Shekara talatin yana narka tagulla yana zuba munduwa da zobe, hayaƙi ya ci masa ido, durƙuso ya ci masa gwiwa. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya yarda da ƙarfe sai ya goga masa magagari. Matarsa kan ce ko ita aka kawo masa a ƙunshe sai ya goga.

Yawancin tagullarsa daga Tondibiya take zuwa. Can soja ke koyon harbi, in sun tashi sai mata su bi filin suna tsintar kwanson harsashi su kawo masa. Na da tagulla ce zalla, tana narkewa ba gardama, dalmar kan harsashin kuwa masunta ke saye su ɗaura wa taru. A shekarar fari ta tamanin da huɗu aka fara samun wani iri, baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa ja a sama. Wutar Halidu ba ta iya masa, ba ya zama komai.

Wata Alhamis da hantsi Aisa ta zo, wata tsohuwar Bazabarmiya da ta daɗe tana kawo masa kaya. Ta rame ƙwarai. Ya kwance ƙunshin da ta kawo ya bi kwansunan ɗaya bayan ɗaya da magagari a gindi, duk ƙarfe ya leƙo.

"Ba na aiki da wannan, Aisa."

"Ko kaɗan, Halidu?"

"Ko kaɗan."

Ta ɗan tsaya, sannan ta ɗaure kayanta a bakin zane ta tafi. Akwai sauran gero a gidansa, ya tuna da shi, ya kuma tuna da baki goma sha ɗaya da ke jiransa, sai ya bar ta ta wuce.

Bayan la'asar Illo ya faɗo maƙerar yana haki. Ɗan ƙanwarsa ne, mai aika wa wani gidan rediyon waje labari ta waya. Ya ce a Lamorde, gaban mangaza, ɗakin ajiyar da ake rabon hatsi, mace ta faɗi, jama'a sun watse, ga kwanson harsashi a ƙasa, gari ya ɗauka an yi harbi. Ya miƙo uku. So yake kawunsa ya faɗa masa irin bindigar, ya aika kafin magariba.

Halidu ya dube shi cikin gajiya. A zamanin nan na soja, mai aika irin wannan labari a kurkukun kaso yake kwana ko da gaskiya ne, in kuwa ƙarya ce babu mai zuwa roƙo.

"Ka ga jini?"

"A'a, Kawu."

"Ka ji ƙara?"

"Mutum biyar suka faɗa mini."

"Su sun ji?"

Halidu ya kai kwanso ɗaya hanci, babu ƙaurin albarushi. Ya juya gindinsa, sai ga gugar magagarinsa sabuwa tana ƙyalli.

"Ni na goga wannan da hantsi," ya ce. "Ba a harbi kowa ba. Je ka tambayi sunan matar."

Illo ya hau babur ya ƙetare gada. Ya dawo ana kiran salla, jikinsa a sanyaye. Aisa ce. Tun da ta bar maƙerar take cikin layi ba ta ci komai ba, ta yanke jiki ta faɗi, ƙunshinta ya kwance. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

"Ka cece ni, Kawu."

"To wannan za ka aika?"

"Ba za su ɗauka ba. Irin wannan mutuwar kullum ana yin ta."

Halidu ya kashe wutarsa.

Tun daga ranar, duk macen da ta kawo masa kwanson baƙin ƙarfe yana gogawa, ya gani, ya saya. Bayan maƙerarsa akwai tano, wata gangar ƙarfe, inda yake zuba su. Ya cika ta, ya sa ta biyu, tsatsa tana ci, har ya bar duniya bai ƙera komai da su ba.