Daƙiƙa Goman Farfesa

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene yake gyaran agogo, amma duk layin Farfesa ake ce masa. Aji huɗu ya yi a makaranta. Sauran iliminsa daga rediyo ya tsinto shi, da tsofaffin jaridun da yake shimfiɗawa a kan tebur don kada ƙananan kusoshi su gangara. Ya san kogin Nilu, ya san dabbar tekun nan mai hannu takwas zuciya uku gare ta, ya san nisan wata kamar ya taɓa zuwa cefane can.

Da, in gardama ta kaure a layin, wurinsa ake kawo ta. Sai waya ta shigo, ta kwashe masa masu agogo da masu tambaya a tashi ɗaya. Buri guda ya rage masa: a ji muryarsa sau ɗaya a shirin kacici-kacici na rediyo, ranar Asabar da hantsi. Shekara goma sha tara yana buga lambar, layi a cike.

Aibinsa ɗaya. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara maka daga wanda ya ƙera agogon.

"Malam," in ji matarsa, "ranar da suka ɗauka, don Allah faɗi amsar ka yi shiru."

"Amsa babu tushe ai tsirara take, uwargida."

Ranar da aka sanar cewa shirin na ƙarshe ne, za a maye gurbinsa da kiɗa, ranar layin ya shiga. Tela maƙwabcinsa ya tsayar da keke. Matarsa da ta kawo abinci ta tsaya da kwano a hannu.

"Kana da daƙiƙa goma, Baba," in ji mai gabatarwa. "A wace ƙasa aka fara buga gasar cin kofin duniya?"

Farfesa ya cire gilashin aiki daga idonsa, ya gyara zama. "Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ka san a 1930 a jirgin ruwa ake zuwa, shi ya sa ƙasashen Turai da yawa suka noƙe..."

"Ƙasar, Farfesa! Ƙasar!" Tela har da buga ƙafa.

"Ina zuwa mana. To, huɗu kacal suka..."

Ƙararrawa ta kaɗa. Aka yi masa godiya, aka katse.

"Uruguay," ya gaya wa wayar a hankali.

"Mu dai mun ji," in ji matarsa, ta ajiye kwanon.

Tela ya so ya tsokane shi, ya kalli fuskarsa, ya fasa. Ya koma kan kekensa, can ya ɗago kai. "To su waye huɗun?"

Farfesa ya buɗe baki. Sai ya rufe, ya jawo wani mataccen agogo gabansa.

"Duba a wayarka," ya ce.