Harsashi ɗaya da ya rage a ciki

A shekarun nan ina zaune a Aƙiƙ, wata unguwa a garin Manzo, maigida ya rasu, ni ce uwa ni ce uba. Ban taɓa shiga aji ba, wannan ma jikata ce take rubuta mini, amma ko allura ba ta shiga gidana ban gani ba, kuma in na yanke magana ta yanku.

Saura kwana uku bikin 'yata, yayanta ya dawo daga gonar dabino a Badr da wani abu cikin leda. Na sa ya buɗe. Musaddas ce, ƙaramar bindigar hannu, irin mai arahar nan da ake sayarwa a ɓoye. Fentinta ya goge, tana warin tsohon mai, in an girgiza ta sai ka ce gwangwani. Wai zai yi harbi sama ranar biki kada abokansa su raina mu. Magidanci da 'ya'ya biyu, a garin Manzo!

Na ce ya cire harsasan. Ya zaro gidansu daga mariƙin, na karɓa na ƙulle a bakin mayafina. Ya fara cewa in tsaya, akwai abin da ya rage, na daka masa tsawa na ce ban haifi wanda zai koya mini ba, ya fice. Ya fita a fusace. Ƙazamar abar kuwa na cusa ta saman kabad tsakanin farantai, don ban so ta taɓa kayan sawata.

Washegari da hantsi amarya ta jawo farantan shinkafa. Abar ta faɗo, ta tashi. Ashe irin wannan, ko an cire gidan harsashi, ɗaya yakan saura a maƙogwaronta, mai arahar kuma faɗuwa kaɗai ta ishe ta. Ya fasa mata idon sawu. Lallenta ko gama kamawa bai yi ba.

Daga asibiti shurɗa, wato 'yan sanda, suka tafi da ɗana. Ya ce musu shi ya ajiye ta a wurin, ni kuma ina tsaye na yi shiru. Bindigar ta ba ni ƙyama, amma shirun nan ya fi. An yi auren bayan wata huɗu, har yau tana jan ƙafar.

'Yan'uwana iyaye, kada ku bar wannan tarkacen ya kwana a gidajenku don burga. Kuma in ɗanku ya buɗe baki, ko shi ne mai laifi, ku bari ya kai ƙarshen maganarsa.