Ranar da 'Yar Bulumkutu Ta Tsayar da Mu

Furen darbejiya ne ya cika ajin da ƙamshi a ranar, irin ƙamshin nan mai zaƙi-zaƙi da yake zuwa da bazara. Ya gauraya da humrar da ke jikin lafayoyinmu da ƙurar alli. Ba wuta, fanka a tsaye. Ina zaune gefen taga ina kallon furannin suna zubowa a kan rairayi, hankalina ya yi nisa kamar kullum.

Muna shekara ta biyu a kwalejin horon malamai a nan Maiduguri. Akwai wani kwas da ake yi mana kan koyar da aji mai yara masu harsuna daban-daban. Malamar dattijuwa ce siririya, ba ta ɗaga murya. Takan ce duk ajin da za a ba mu a garin nan, za mu tarar da ɗan Kanuri da ɗan Shuwa da ɗan Babur da ɗan Margi a benci guda, kowa da harshen da ya kwana da shi. Sai ta ba mu aiki: kowa zai fito gaban allo ya koya mana wani abu da harshen gidansu, ba Hausa ba Turanci, daga malami har ɗalibai. Wanda Hausa ce kaɗai harshensa, ya koyar da hannu da ido. Ita kuma za ta koma bencin baya ta zama ɗaliba.

"Wanda ya fito, aji nasa ne, har da ni," in ji ta. "Wanda bai fito ba, ba zan sa masa hannu ya tafi koyarwar gwaji a makarantu ba. Sai ya jira wata shekara."

Ni abin daɗi ya yi mini. Mu a gidanmu a unguwar Lamisula Kanuri muke yi, Hausa sai a titi da kasuwa. Na tsinko furanni na koya musu launuka, na fara da gaisuwarmu ta "wushe", rabin ajin suka amsa mini da dariya. Wani ɗan Shuwa da mahaifinsa ke dillanci a Kasuwar Shanu ya zana saniya a allo ya koya mana sassan jikinta. Baban aji, wato dattijon cikinmu, mai gemu da 'ya'ya a gida, ya dubi zanen ya rantse akuya ce da ta sha wahala. Kwanakin nan mun yi su kamar na biki.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, ƙawata da muke zama benci ɗaya. Ta girme ni da 'yan shekaru. Daga duwatsun wajen Gwoza aka kawo ta tana ƙarama, take zaune wurin gwaggonta a unguwar Bulumkutu, ran Lahadi tana waƙa a cocinsu. Rubutunta ya fi na kowa kyau, amma ban taɓa ganin ta ɗaga hannu a aji ba. In malami ya tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai har ya gaji ya wuce. Ni take raɗa wa amsar, ni kuma in faɗa. Ina ce mata 'yar Bulumkutu, tana ce mini 'yar Lamisula.

Sau biyu ana kiranta tana cewa ba ta shirya ba. A Keke Napep muna komawa gida na ce, "Ke 'yar Bulumkutu, ƙirge kawai za ki koya mana. Ɗaya, biyu, uku, ki zauna."

"Ke komai a wurinki fure ne," ta ce. "In na tsaya a gaban allo, harshena ƙasa yake komawa. Gwaggo ta ce in ba zan iya ba in dawo mu riƙa suyar ƙosai. Wataƙila gaskiyarta."

Ranar furen darbejiyar ita ce ta ƙarshe. Kowa ya yi sai ita. Malama ta kira ta, ta ɗauki jakarta ta koma baya ta zauna. Ƙawata ta tashi kamar mai ɗauke da tulu cike. Ta tsaya gaban allo, ta kasa farawa. Shirun ya yi tsawo har na fara jin kukan kurciya a waje.

Baban aji ya ce, "Ƙanwata, ko gaisuwa ce ki yi mana mana. Mu ma yunwa muke ji."

Aka yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, amma na ga wani abu ya sauka a fuskarta, kamar an rufe taga. Ta juya ta ɗauki doguwar rular katako da ke kan tebur, ta maka ta a kan teburin. Ƙarar ta sa na dafe ƙirji.

Sai ta yi magana. Muryar ba tata ba ce. Murya ce mai kauri, mai sauri, da wasu sautuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta nuna Baban aji da rular, ta jefa masa wata gajeriyar tambaya mai ɗan tashi a ƙarshe. Ya yi murmushi ya buɗe hannuwa.

"Wallahi ƙanwata ban..."

Ta sake maka rular kusa da yatsunsa. Ta nuna bakinsa, ta girgiza kai: ba Hausa. Ta maimaita tambayar da ƙarfi. Da bai amsa ba, ta yi masa alama ya tashi, ya ɗaga hannu sama. Ya waiwaya ya dubi Malama. Malama tana kallon allo abinta. Ina gani mutumin nan mai gemu ya miƙe ya ɗaga hannuwa, hularsa ta karkace.

Ta wuce kan ɗan Shuwa. Tambaya ɗaya ce dai. Ya yi shahada ya maimaita abin da ta faɗa, yana zaton haka ake so. Ta yi wata dariya mai ɗaci, ta nuna shi ga ajin, ta kwaikwayi yadda ya faɗa, ta tsayar da shi. Haka ta riƙa bin benci benci. Wasu suka gwada ɗaga kai, wasu suka nuna yatsu, wata ta miƙa mata biro. Kowa ya ƙare a tsaye.

Ban taɓa zaton za ta zo kaina ba. Da safen nan mun raba ƙosai a leda ɗaya. Ta tsaya a gabana, ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta yi tambayar. Na yi mata murmushi. Ta maimaita. Na lalubi kalmomin ina neman wadda ta yi kama da Kanuri, ko Larabcin islamiyya, ko wani abu da zan kama, ban sami komai ba. Ni da nake rubuta waƙoƙi a bayan littafi, ni da malamai suke karanta aikina a gaban aji, na zauna baki buɗe. Ta sunkuyo ta yi tambayar a cikin kunnena da tsawa, sannan ta taɓa kunnenta, ta dubi aji ta girgiza kai. Wannan kam na gane: cewa take ni kurma ce. Kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Na tashi na ɗaga hannu, lafayata na zamewa, ba halin gyarawa.

Daga nan ta nufi bencin baya. Wani ya ce "Subhanallahi" a hankali. Ta tsaya a kan Malama ta yi tambayar, da muryar nan dai. Malama ta dube ta. Ƙawata ta nuna sama da rular. Dattijuwar nan ta dafa benci ta miƙe, ta ɗaga hannuwanta, awarwaronta suka zame zuwa gwiwar hannu.

Duk ajin muna tsaye. Ba mai tari. Ƙawata ta koma gaba ta dube mu, sai rular ta faɗi daga hannunta. Ta koma yarinyar da na sani, kafaɗunta suka sauka.

"Na gama, Malama," ta ce da Hausa, da ƙyar ake ji.

Malama ta sauke hannu ta ce mu zauna. Ta tako gaba a hankali.

"'Yata, wa ya koya miki koyarwa haka?"

"Haka aka yi mini ranar da aka fara kai ni makaranta a garin nan. Ban san Hausa ba lokacin. Aka ce ba na ji. Aka mayar da ni bayan aji, na maimaita aji ɗaya har ƙannena 'ya'yan gwaggo suka tarar da ni."

Baban aji yana murza kafaɗa ya ce, "To ƙanwata, don Allah me kike tambaya? Kada mutum ya mutu bai san laifinsa ba."

Ta sunkuya ta ɗauki rular. Ba wanda ya yi dariya kuma.

Malama ta ce, "Wannan ba koyarwa ba ce, ke ma kin sani. Ba zan ba ki maki a kanta ba." Na tuna kaskon ƙosan gwaggonta. "Amma na ji kina da murya. Ki dawo mako mai zuwa ki yi mana yadda kika so a ce an yi miki."

Muna hanyar gida, mun kusa rabuwa. Na ce, "Har ni, 'yar Bulumkutu?"

"Ba ke nake gani ba," ta ce. Na tambaye ta ma'anar kalmomin, ta ce in bar zancen. Na bari.

Da mako ya zagayo, ta dawo aji da 'ya'yan darbejiya cike da gwangwani. Ta zauna a ƙasa, ta sa muka kewaye ta. Takan ɗora ɗaya a tafin mutum ta faɗi kalma, ta jira. In ka yi kuskure ta sake faɗa a hankali. Muka koyi ƙirge. Baban aji ya fi kowa ɓata kalmomin, ita kuma ta yi dariya har da hawaye. Malama ta sa mata hannu. Tare muka tafi koyarwar gwaji, daga baya aure ya kai ta wani gari.

Shekaru sun wuce, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare. Wata safiya aka kawo sabuwar yarinya, ta maƙale a bakin ƙofa, ba Hausa ba Kanuri. Na san akwai wata ɗalibata 'yar wajen Gwoza, sai na ce ta je ta zauna kusa da ita. Ina share allo na ji ta yi mata magana a hankali, gajeriyar tambaya mai ɗan tashi a ƙarshe. Tsumman ya tsaya a hannuna. Sabuwar yarinyar ta ɗago ta amsa da kalma ɗaya.

Na ce, "Me kika ce mata, 'yata?"

"Ba komai, Malama. Ce mata na yi, yaya sunanki."