Baba Falalu da Layin Tumatir na Uku

Ƙarfe shida da rabi na safe, daidai lokacin da ma'aikatan majemar Challawa ke canjin aiki, Baba Falalu yake jingine kekensa a ƙofar wani ɗan ɗakin gwajin tsirrai da ke bayan masana'antun. Sai ya bi tukwanen tumatir ɗaya bayan ɗaya, ya auna ruwan kowace, ya rubuta. Shekara goma sha biyar ke nan. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma sunansa bai taɓa hawa takardar bincike ba. Shi ya sa na yi ta maza na ɗauki biro. In na yi kuskure a gafarce ni.

Dakta Zaituna, mai binciken, ta bayyana mini aikinsu. A jikin tsiro akwai wani sinadari mai kama da makunnin lantarki, shi ke kunna ƙwayoyin gado ko ya kashe su. Sukan gyara makunnin, su ga abin da zai canza. Ita tana neman wanda zai sa tumatir ya jure ruwa mai gishiri, don manoman bakin kogi.

Bara da damina, layi na uku na tukwanen da ake ba ruwa mai gishiri ya yi kore shar, sauran duk sun yi yaushi. Saura mako biyu Dakta ta gabatar da sakamakon a taro, aikin shekara uku.

"Dakta, kada ki kai wannan," in ji Baba.

"Haba Baba, don Allah kar ku tayar min da hankali."

"Rufin ne ke yoyo daidai kansu. Ruwan sama suka sha, ba naki ba. Na ɗanɗana ƙasar, babu gishiri."

Jamilu, abokin aikinta, ya kwashe da dariya. "Yau kuma harshen Baba ya fi na'urarmu ta awo?"

"Na'urarka ba ta zuwa aiki ranar Lahadi, ɗana. Ni ina nan aka yi ruwan."

Dakta da bakinta ta faɗa mini ta yi kuka, sannan ta janye sunanta daga taron. Baba ya hau rufin da kansa ya toshe. Suka sake shuka, kullum yana sauya wa tukwanen wuri don kada wata ta fi wata gata. Wata takwas suka ƙara. Tumatirin ya jure gishirin, bai kai koren farko ba, amma wannan karon babu wanda ya iya kushe shi.

Baba, ku ne idon da ba ya kauda kai. Da kun yi shiru, da an tafa, kuma babu mai sani sai ranar da shukar wani manomi ta ƙone.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mu kuma masu tasowa, duk inda muka ga yoyo, mu faɗa tun kafin a tafa.