Arozuwar a hannun Nana

Jama'a, ku zo ku ji inda lakwal, makarantar boko, ta kai mini ɗiya yau!

Kun san na rantse ɗiyata Nana ba za ta taɓa riƙe arozuwar, butar ban ruwan nan, ba. Ni na ƙare a garka ina ban ruwa, ita a biro za ta zauna, aikin ofis. Shi ya sa ma na kai ta lakwal can Yantala, nesa da garkata ta Gamkalley.

Da safe ta ce, "Baba, yau za a fita da mu yawon buɗe ido." Uwarta ta saka mata sabbin takalma da farar safa.

Da hantsi ina tsakiyar ganyen salati, sai ga babbar mota ta tsaya bakin shingena. Yaran lakwal ɗin su Nana suka zubo! Madam ɗinsu ta ce, "Malam, mun kawo su su ga yadda ake aikin garka."

Kafin in buɗe baki, Nana ta suri arozuwar, ta tsunduma cikin laka har safa!

Madam tana tafa hannu: "Kai! Wannan ɗiyar wa ce? Don aikin nan aka haife ta!"

Nana ta nuna ni.

Madam ta ce, "Barka, Malam, ka samu magajiya!"